Hayaƙin da Na Ɗora wa Malam

Tsakiyar bazara ce. Na tashi da asuba na tarar ko ruwan randa da ɗuminsa ya kwana. Na hura wuta, na ɗora ruwan koko, na rataye rediyo a ƙusar bakin madafi kamar kullum.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce a ƙasar Sukuntuni, gidajen ba su kai talatin ba. Gabas da mu dutse ne, busasshiyar ciyawa ta rufe shi har ƙoli. Yamma gonaki. Kudu ƙorama, wadda a wannan lokaci babu komai cikinta sai yashi. Mu huɗu ne a gida: ni, da maigidana Malam, da Saude matar ɗana, da jaririyarta 'yar wata biyar. Shi ɗan nawa yana Kudu ci-rani, kamar yawancin samarin garin, sai ruwa ya kusa suke dawowa. Shi ya sa sharar gona ta faɗa kan tsoho.

Ƙarfe shida da rabi mai hasashen yanayi ya shigo. Ni ba na wasa da shirin nan. Ya ce zafi zai ƙaru. Ya ce kada kowa ya yi gaggawar shuka, ruwa zai yi jinkiri bana, sai an ƙara 'yan makonni. Ya ce iska ta juya, daga yamma take busowa yanzu, kuma yau da gobe za ta yi ƙarfi tun daga azahar har bayan la'asar. Ya roƙi manoma su dakata da ƙona shara. Sau biyu ya maimaita. Na murɗa rediyon har ƙarshe don mai kunne ya ji.

Mai kunnen yana kan buzu yana ƙarasa lazimi. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Ga wanda bai san noma ba, kafin ruwa ya sauka ana tumɓuke tushiyar kara, a share gona da manjagara, a tara sharar tsibi-tsibi, a cinna mata wuta. Tokar ta zama taki. Saboda haka a bazara hayaƙi daga wajen gonaki ba labari ba ne a wurinmu. Kowa yana ƙonawa. Sai dai Malam yana da tarihi. Bara waccan wutarsa ta kuɓuce masa da rana tsaka, ta tsallake iyaka, ta lashe harawar maƙwabcinmu da ke jibge a kan bishiya. Wata guda ban iya ɗaga kai a gidan suna ba. Tun daga nan 'yan majalisa suka laƙaba masa Mai Ashana, shi kuwa har amsawa yake yi.

Da na miƙa masa koko na tambaye shi ko ya ji abin da aka ce. Ya ce ya ji. Ya ce mai maganar yana zaune cikin ɗaki mai sanyi a Katsina, bai taɓa riƙe manjagara ba. Ya ce tsibi goma sha huɗu ke jiransa, in ya bar su iska ta watsa masa aikin mako guda, mai rediyo ne zai zo ya sake tarawa? Na ce ya ba ni ashanar in ajiye. Ya dafa aljihu ya yi dariya. Wallahi dariyar nan ce ta hasala ni.

"In ka kunna, ka kwana can," na ce. "Kada ka shigo mani gida da warin hayaƙi."

Ya ɗaure manjagara a keke. Ya rataya 'yar jarkarsa ta ruwa, wadda na ɗinke mata rigar buhu da jan zare don ruwan ya riƙa sanyi. Ƙarfe bakwai ya fita. Na ji ƙiƙi-ƙiƙin sarƙar keken nan da ba ya taɓa shafa wa mai, har ya ɓace. Gonarmu tafiyar rabin awa ce a ƙafa, ita ce ta kusa da ƙarshe a yamma. Bayanta sai fili, sai wata unguwa.

Safiyar ta wuce kamar kowace. Saude ta yi wanki. Na surfa gero, na ba bijiman huɗarmu biyu dusa a bayan gida. Kaji sun saki fukafukai a gindin bedi, baki buɗe. Labarin ɓarayin daji muna jinsa, ba zan ce ba mu ji ba. Amma can nesa ne, wajen yamma, kuma da dare muka ji suna zuwa. An ma daɗe da yanke shawara cewa in wani abu ya taso, mata da yara su hau dutse. Babu wanda ya taɓa kawo rana tsaka a ransa.

Ƙarfe goma sha biyu Adama mai nono ta shigo. Bafulatana ce, rugarsu tana arewa da mu. In ta gama zagayen talla, gidana take hutawa rana ta ɗan karya. Ba asalin 'yan nan ba ne. Daga yamma suka taso shekarun baya, bayan an kore masu shanu an ƙona masu ruga. Ta sauke ƙwarya, na dama mana fura, na rufe ta Malam da faifai. Kullum da kiran azahar yake dawowa.

Ƙarfe ɗaya iska ta taso. Daidai yadda mai rediyo ya faɗa, daga yamma, da zafi kamar an buɗe bakin tanda. Ta kwashe wankin Saude daga kan igiya. Zanan danga ya fara kaɗawa.

Ɗaya da rabi Saude ta ce, "Inna, dubi can."

Na kifa turmi na hau, na leƙa ta saman danga. Hayaƙi ne, daidai saitin gonarmu, iska ta kwanto shi zuwa gari. Na shiga faɗa. Ban bar komai ba. Na ce tsoho da furfura amma kunnen ƙashi. Na ce mai hali ba ya fasa halinsa. Na ce wannan karon ko harawar duk garin ya ƙona, shi kaɗai zai je ban haƙuri, ƙafata ba za ta taka gidan kowa ba. Saude tana ɓoye dariya a bayan mayafi.

Adama ba ta yi dariya ba. Ta ce in sauko ta hau. Ta daɗe a kan turmin, hannu a goshi. Da ta sauko ta ce wannan ba hayaƙin kara ba ne. Na kara fari ne, ba shi da nauyi. Wannan baƙi ne, irin na jinka da hatsi. Kuma daga wuri uku yake tashi.

Na ce tsibi goma sha huɗu gare shi, ai ko daga wuri goma ya tashi ba mamaki. Ta ce baƙin fa? Na ce mutumin da ke tsince duk ledar da iska ta kai masa gona ya tura cikin shara, me zai hana hayaƙinsa baƙi? Komai ta kawo ina da amsarsa. A raina na ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na ga Adama ta ɗaure bakin zanenta tamau, ta jawo takalmanta kusa da ƙafa. Furar ma ba ta ƙarasa ba.

Ƙarfe biyu saura kwata aka yi sallama a zaure. Mai unguwa ne, ɗan baffan Malam. Ya ce maza sun taru a ƙofar masallaci suna kallon hayaƙin nan, har mutum biyu sun tayar da babur za su je dubawa. Ya ce ya biyo ne ya ji ko Yaya ya dawo.

Daga bayan labulen zaure na ba shi amsa. Na ce bai dawo ba, yana can yana tsaron ɓarnarsa. Na ce da ashana ya fita, a gabana ya dafa aljihu, kuma da bakinsa ya ce ba zai bar iska ta watsa masa tsibi ba. Na ce kada su wahal da kansu cikin ranar nan, wutar Malam ce.

Ya yi dariya ya ce Mai Ashana ke nan. Na ji takunsa ya koma. Jim kaɗan na ji an kashe babur ɗin. Ladan ya kira salla.

Ƙarfe biyu da minti goma. Na san lokacin don rediyo ya gama taƙaitattun labarai ya sa waƙa. Ina alwala. Sai na ji wani gunji can ƙasa-ƙasa, kamar an tayar da injin niƙa a garin maƙwabta. Ba ya tsayawa. Ƙaruwa yake yi. Karnuka suka ɗauka gaba ɗaya. Adama ta miƙe tsaye.

Harbin farko guda ɗaya ne. Tas! Liman yana raka'a ta biyu, na ji kabbararsa ta yanke a tsakiya. Sai harbin ya zubo ba ƙaƙƙautawa.

"Ku fito! Ina shanun?"

"Kwanta! Kwanta nan!"

Muryoyin daga ƙofar masallaci suke, gida huɗu tsakaninmu. Saude ta suri ɗiyarta daga tabarma. Ni kuwa ina tsaye da buta a hannu, ƙafa ɗaya wanke, ɗaya ba wanke. Abin da ya zo mani shi ne Malam. Daga yamma suka shigo. Hanyar yamma ɗaya ce, kuma ta gefen gonarmu ta bi.

Adama ta fizge ni. Ta sa kafaɗa ta ture zanan bayan gida, muka fita ta kusa da turken bijimai. Rediyon yana rataye yana ta waƙarsa. Har muka yi nisa ina jin shi.

A bayan gari kowa dutse ya nufa. Mata, tsofaffi, masu goyo, duk gabas. Ƙafata ma can ta juya. Adama ta riƙe mani hannu.

"Ba dutse ba, Goggo! Ƙorama!"

Na waiga. Rumbunan yammacin gari sun riga sun kama. Iska tana tsinko jinka mai ci da wuta tana jefawa gaba, daga rufi zuwa rufi, duk gabas. Sannan maganar mai rediyo ta faɗo mani. Iskar nan ba za ta kwanta ba sai bayan la'asar, kuma ƙarshen tafiyarta ciyawar dutse ce. Na buɗe murya na yi ta kiran mata su juyo kudu. Biyu suka juyo. Sauran ba su ji ba, ko sun ji ba su yarda ba. Wa zai yarda da ni ranar nan?

Muka ratsa gonakin kudu a guje. Ba a share su ba tukuna. Tushiyar kara ta shige wa Saude a tafin ƙafa, ta faɗi a kan gwiwa, ɗiyar a ƙirji. Ba ta yi kuka ba, iska kawai ta ja ta haƙora. Na karɓi jaririyar na saɓa a baya na ɗaure da mayafina. Adama ta cire tushiyar, ta sa Saude a kafaɗa. Jini yana bin sawunmu.

Biyu da rabi muka gangara cikin ƙorama. Yashin yana ƙona ƙafa. Akwai wurin da ruwan damina ya ƙwaƙule gaɓa a ƙarƙashin saiwar wata ɗorawa, ya yi kogo. Nan muka cusa kanmu mu uku. Matan nan biyu suka wuce gaba.

Ƙoramar nan daga yamma ta taho. In ka bi cikinta, za ta kai ka kusa da gonarmu. Na san haka. Na kwance goyon na miƙa wa Saude, na ce su zauna, zan je in dawo. Adama ta damƙe gefen zanena ta naɗe a hannunta. Ta nuna mani ƙafar Saude, ta nuna jaririyar, ta nuna bayana. In an tashi gudu, ita za ta ɗauki Saude. Wa zai goyi ɗiyar? Na koma na zauna. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsani Adama a lokacin nan ba, alhali ita ce mai gaskiya.

Daga cikin kogon ba ma ganin gari, sai dai ji. Harbi ya ragu, ya koma ɗaya-ɗaya. Rumbu in ya ci ya ci, sai ya rufta, ka ji rugum. Na ƙirga bakwai na daina. Awaki suna kuka a turke. Wajen ƙarfe uku wata ƙara ta taso daga gabas, faɗa-faɗa-faɗa, da sauri. Ciyawar dutse ta kama. Sai kururuwar mata daga sama, da tari, da kiran sunayen yara. Adama ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi.

Uku da rabi ƙasa ta fara girgiza a kanmu. Shanu ne. An tattaro na garin duka, za a tsallaka da su ƙorama, kuma mashigin bai fi taku ashirin daga inda muke ba. Ƙasa tana zubo mana a ka ta tsakanin saiwoyi. Jaririyar ta saki nono ta buɗe baki. Na tura mata ɗan yatsana. Ta tsotsa, ta ture, ta sake buɗe baki. Saude ta kifa ta a ƙirji ta rufe da zane, hawaye yana zuba, har na ji tsoron numfashin ɗiyar. Kukan shanun ne ya rufa mana asiri.

Ta tsakanin saiwa na ga bijimanmu sun wuce, mai karyayyen ƙaho a gaba. Bayan shanun sai babura. Yashi ya yi masu zurfi, sai da suka sauka suna turawa. Mutum uku-uku, fuska naɗe, bindiga a baya.

"Tura! Yi sauri!"

Babur na biyar ya kafe a tsakiyar yashi. Mai shi ya tsaya, ya ciro wani abu daga hannun babur ya kafa kai ya sha. 'Yar jarka ce mai rigar buhu. Ina ganin jan zaren daga inda nake. Ɗinkina ne, na san inda allurar ta karkace. Ya sha, ya miƙa wa na bayansa, ya mayar ya rataye.

Ban san na yunƙura ba sai da na ji tafin Adama a bakina. Ta danne ni da dukan ƙarfinta har suka haye. Na cije ta. Tabon yana hannunta har yau.

Bayan sun wuce na yi ta gaya wa kaina cewa a gindin gawon da ke bakin hanyar gona yake ajiye jarkar. Wataƙila ya hango su tun daga nesa ya gudu ya bar ta. Tsoho ne amma yana da sauri. Wataƙila yana kwance cikin wani rami kamar mu. Da wannan na tashi.

Ƙarfe biyar iska ta kwanta. Muka fito. Na waiga sau ɗaya. Dutsenmu ya koma baƙi ƙirin, yana hayaƙi daga gindi har ƙoli. Muka bi cikin ƙorama gabas, ɗiyar a bayana, Saude a kafaɗar Adama. Ƙishirwa ta manne mana harshe. Adama ta tona yashi da hannu a wata kwana, har gwiwar hannu, ruwa ya tsatso jaja-jaja. Muka sha da tafi. Muka jiƙa mayafi muka matsa wa ɗiyar a baki.

Ana kiran magariba muka fita kan hanyar Kafin Soli. Mutanenmu suna zube a bakin titi, wasu da ƙuna a ƙafa da hannu. Waɗanda suka hau dutse ta bayansa suka gangaro, wuta na bin su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kun ga Malam? Wa ya ga Malam? Babu wanda ya fito daga wajen gonakin yamma. Adama ta rabu da mu a nan, ta yanki daji zuwa rugarsu. Ƙwaryarta tana gidana.

Wani mai motar kaya ya kwashe mu zuwa Kankiya. Aka sauke mu a wata makarantar firamare. Aka wanke wa Saude ƙafa aka ɗaure.

Washegari da hantsi ina zaune a baranda, na ji wasu mata biyu suna magana a bayan taga. Ba su san ina nan ba. Ɗaya ta ce hayaƙin Mai Ashana ne ya rufe wa gari ido. Ta ce da bai kunna ba, da an hango ƙurar babura tun daga nesa, da masu zuwa dubawa sun je sun dawo da labari. Ɗayar ta ce rediyo ma sai da ya hana. Ta ce ai matarsa da bakinta ta faɗa wa mai unguwa.

Ban fita na yi masu faɗa ba, ni da ba a taɓa ni in ƙyale. Me zan ce? Maganata ce ta zagayo ta same ni. A lokacin an riga an san unguwar da ke bayan gonakinmu aka fara ƙonawa. Amma mutane suka ce wuta biyu ce ta haɗu, tasu da ta Malam. Ni kaina ban san ko haka ne ba. Da ashana ya fita.

Ranar nan ƙanena ya zo daga Kaikai ya tafi da mu gidansa. A rana ta uku maza suka koma garin da rakiyar jami'an tsaro don su rufe waɗanda suka rage. Ƙanena ya bi su. Da la'asar ya dawo. Ya tsaya a bakin ɗaki ya cire hula, bai shigo ba.

"Yaya, sai haƙuri."

A gindin gawo suka same shi, a bakin hanya, ya shimfiɗa buhu ya fuskanci gabas. Keken yana jingine. Nan suka rufe shi, don ba ya ɗaukuwa. Mutum biyar aka rufe ranar nan, shi ne na biyar. Ƙanena ya miƙo mani abin da ke aljihunsa, carbi da kwalin ashana. Na tambaye shi gonar fa, an ƙona? Ya ce wallahi bai duba ba. A tsorace suke, gawon yana bakin hanya, gonar tana bayan tudu, suna gamawa aka ce kowa ya hau mota.

Na girgiza kwalin a kunne. Da ashana a ciki. Amma tsinke ɗaya ya isa ya ƙona gona, wannan ba shaida ba ce. Na ɗaure shi a bakin zane na shiga takaba.

Mako uku ina kwana ina tashi da abu ɗaya. Masu zuwa gaisuwa suna cewa Allah ya gafarta masa, ni kuwa ina sauraron yadda suke faɗin gafartar. Ɗana ya dawo daga Kudu. Shi ma an gaya masa. Bai tambaye ni ba, ni ma ban iya kallon idonsa ba.

Wata safiya, shida da rabi, na ji muryar mai hasashen nan daga rediyon ƙanena. Rabona da shi tun ranar. Ya ce hadari ya fara haɗuwa, ana sa ran ruwan shuka cikin 'yan kwanaki, manoma su kammala shara. Ɗana ya ce gobe zai bi masu komawa da rana su duba gonaki. Na ce da ni. Ƙanena ya ce mai takaba ba ta yawo. Na ce ba yawo za ni ba, kuma in ruwa ya riga ni zuwa gonar nan ba zan yafe wa kowa ba. Na aika a gaya wa mai unguwa ina son ya raka mu, shi da kansa.

Ƙarfe goma muka isa. Ban tsaya a gari ba. Babu abin tsayawa, bango ne da toka. Muka bi hanyar yamma a ƙafa. A gindin gawo muka tsaya muka yi masa addu'a. An jera ƙaya a kan kabarin. Sannan na hau tudun, su biyu suna bayana.

Gonar tana nan fes, shararriya, sawun manjagara bai gama gogewa ba. Babu toka ko cikin cokali. Tsibin suna tsaye a jere. A kan kowanne an ɗora dutse ko kututture an danne, yadda mutum ke yi in zai bar shara ta kwana biyu ba ya son iska ta watsa. Daga bakin ƙorama ya yi ta ɗauko duwatsun nan, ɗaya-ɗaya, cikin ranar nan, da bayansa mai ciwo. Manjagarar tana kwance a jikin na ƙarshe.

Na ce wa mai unguwa ya ƙirga da bakinsa, da ƙarfi, yadda zai iya maimaitawa a ƙofar masallaci. Ya cire hula ya fara. Ina bin shi a baya ina dafa kowanne. Duwatsun da zafi.

Sha huɗu ya ce mani da safen nan. Ya ƙara uku kafin su iso.

Tsibi goma sha bakwai. Ko ɗaya bai kunna ba.